Baƙon da Ya Zo Mana Daga Memfis

A shekarun alif ɗari tara da sittin ina da ɗan shago a Sa'alaba, wata unguwa a Jidda, ina gyaran rediyo da garmaho. Iyayena Hausawa ne, daga Sudan suka zo, ni a Jidda aka haife ni. Shagon jikin gidanmu yake, ƙofar baya tana buɗewa tsakar gida inda Inna, mahaifiyata, ke girki.

Wata ranar Alhamis wani baƙin mutum dogo ya shigo rungume da garmaho. Na yi masa Hausa, ya yi murmushi ya amsa da Larabcin da ya tsinta a wurin aiki. Ashe Ba'amurke ne, makanikin jirgin sama a filin jirgi. Allurar garmahon ce ta lalace. Da na canza ta, ya ciro faifai don mu gwada. Na tura ƙofa tukuna, domin a lokacin ba a sakin kiɗa a bakin titi. Jita ce da ganga da wata murya mai ihu, kiɗan da suke ce wa rok. Ban so shi ba a jin farko. Shi kuwa yatsunsa na ta bugun teburina.

"A garinmu aka ɗauki wannan," in ji shi. "Memfis. Ni ma na buga ganga a can kafin na koyi kanikanci."

Daga nan ya riƙa zuwa ko babu gyara. Ya ba ni labarin wani titi a garinsu da gidajen kiɗa ke jere, da wani ɗan ɗakin ɗaukar faifai inda baƙi da farare ke shiga ta ƙofa ɗaya, amma in sun fito ba su isa su ci abinci a teburi ɗaya ba. Ni ma na faɗa masa yadda a kasuwa ake kirana "ya takruni", laƙabin raini ga baƙaƙe irinmu, ko da an san sunana, da yadda nake sabunta iƙama, takardar izinin zama, a garin da aka binne cibiyata.

Inna ta ce ba kyau baƙo ya yi ta zama a shago ba a ba shi abinci ba. Ranar Juma'a muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Akwai wata tsohuwa ƙawar Inna da muke kira Baba, tana zaune gefe tana tsince shinkafa. Tun tana yarinya aka taho da ita hanyar hajji daga ƙasar Hausa, aka sayar da ita. Ko da hukuma ta hana bauta, ba ta bar gidan da ta tsufa a ciki ba, don ba ta san wani wuri ba. Juma'a kawai take zuwa wurinmu ta ji Hausa.

A ranar ne ya ba da labarin igiya, ina fassarawa. Ya ce a wani zauren rawa da ya taɓa yin kiɗa, ana ɗaure igiya a tsakiya, farare a dama, baƙi a hagu. Wata rana kiɗa ya yi zafi, matasa suka yi ta rawa har igiyar ta faɗi, aka cakuɗe, babu wanda ya kula.

Baba ta ɗago kai. "Tambaye shi, ɗana. Da ta faɗi, wa ya sake ɗaure ta?"

Ya ce 'yan sanda ne, kafin mako ya zagayo.

"Haka na zata," in ji ta, ta ci gaba da tsintarta.

Bayan wasu watanni, da safe ina gwada wata rediyo, na ji an harbe wani jagoran baƙaƙen Amurka a wani masauki a Memfis. Da la'asar ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya zauna a benci. Ya ce masaukin ya san shi sarai, da ƙafa ake zuwa daga titin kiɗan nan. Makaɗa baƙi a nan suke sauka, tun da manyan otal ba sa karɓarsu, shi ma ya sha kai wa abokai ganga can.

Inna ta aika aka gaya wa Baba. Ba Juma'a ba ce, amma ta zo. Ta ce a fito da tabarmi ƙofar gida, a ɗora shayi. Na ce mata, "Baba, mamacin ba ɗan'uwansa ba ne, kuma su ba Musulmi ba ne."

"A garinsu aka yi rasuwa, kuma ba shi da kowa a nan," in ji ta. "Fito da tabarmin."

Maƙwabta suka zo ɗaya bayan ɗaya, tela da mai sayar da gawayi da limamin unguwa. Yawancinsu ba su san wanda aka kashe ba. Kowa ya ba shi hannu, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya zauna. Shi yana riƙe da kofin shayi, hawaye na zuba, bai share ba. Aka zauna har kiran magariba.

Da wa'adin aikinsa ya cika, kamfanin ya nemi ya ƙara, ya ƙi. Ya ce mini halas, wato ya isa haka, ya gaji da jin labarin garinsu ta rediyo. Ranar tafiyarsa ya durƙusa gaban Baba yadda ya ga muna yi, ya gaishe ta da 'yar Hausar da ya koya. Ta dafa kansa ta ce ya gaida mutanen gida. Ban sake jin labarinsa ba. Baba kuwa ta rasu bayan shekara biyu, a ɗakin Inna, domin a ƙarshe ta yarda ta dawo wurinmu.