Riga a Baibai

Almakashi ake ce mata, kuma ba don sana'ar ɗinki kaɗai ba. Shekara ashirin tana kan keke a shagon da ke kallon ƙofar makarantar firamare, rabin yaran unguwa rigunansu daga hannunta suka fito. Aikinta tsaf yake, bakinta ne dai sai a hankali. Ita a jikin rigar yaro take karanta uwarsa: maɓalli ya fita, uwa malalaciya ce, bakin wando ya warware, uwa ta tafi yawon gulma. Mata kan zauna a bencinta bayan sun raka yara, a sha dariya, kowacce na fatan kada gobe a zo kanta.

Sai aka kawo wata yarinya aji biyu, wadda yara ke kira Tsuntsuwa saboda yawan kaɗa hannuwa. Ba ta cika magana ba. Kullum rigarta a baibai, ɗinki duk a waje, aljihu na reto. Uwarta mai sharar ofis ce, takan ajiye ta ta wuce da sauri, gaisuwa ma sai ɗaga hannu.

Abin ya tsaya wa Almakashi a rai, don rigar ɗinkinta ce. A taron iyaye ta miƙe ta ce wa shugabar makaranta, "Malama, akwai uwar da juya riga ma ya gagare ta. In haka za a tafi, mu me ya kai mu wahalar guga?" Aka ba uwar takarda: ko yarinya ta zo da shiga daidai ran Litinin, ko ta zauna a gida.

A makon ne Almakashi ta ɗauki rigar autarta za ta wanke. Sati uku aljihun rigar a yage, kullum sai ta ce gobe, aikin mutane ya hana. Sai ta tarar an ɗinke shi da hannu, baƙin zare a kan shuɗin yadi, taku manya-manya a karkace.

"Wa ya yi min wannan kwaɓar?"

"Wata mama ce," in ji Auta.

Ta yi tsaki, ta ce bari ta samu lokaci ta farke shi.

Ran Litinin Tsuntsuwa ta zo da riga daidai, amma ba ta shiga ƙofa ba. Ta zube a ƙasa tana ihu, tana yakushin wuyanta da haƙarƙarinta. Uwar ta sungume ta, ta tsallako titi, ta shigo shagon, ta cire mata rigar ta lulluɓe ta da gyale. Nan take kukan ya lafa. Wuyan yarinyar duk sawun farce, har da jini.

"Yaya, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji uwar. "Ɗinkin ciki ne ba ta iya jurewa. Likita ya ce haka jikinta yake, abin da ni da ke ba ma ji, ita kamar allura. Shi ya sa nake juya mata. Na kwana biyu ina rufe ɗinkin da ƙyalle mai laushi, bai yi ba. Ke ce gwana, ko akwai dabara? Tana son makarantar nan."

Almakashi ta karɓi rigar ta juya cikinta. Baƙin zare ne, taku manya-manya a karkace. Sak irin na aljihun Auta.

"Ke kika ɗinke wa autata aljihu?"

"Au, kin gani? Ki yi haƙuri, hannuna ba irin naki ba ne. Na zo ɗaukar tawa na ga fensirin autarki na zubewa, yara na mata dariya. Na ce uwarta aiki ne ya yi mata yawa. Na san yadda abin yake."

Kunya ta rufe Almakashi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matar nan ta ga laifinta ta rufa mata asiri, ita kuwa ta ga abin da ba laifi ba ta kai shi gaban taro. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Ta ture aikin da ke kan keke, ta yanko yadi biyu ta haɗa, ta binne kowane ɗinki a tsakaninsu, ciki sumul, waje sumul. Tsuntsuwa ta sa, ta tsaya tana sauraron jikinta, sannan ta kaɗa hannuwa. Almakashi da kanta ta riƙe hannun yarinyar zuwa ofishin shugaba, ta ce, "Malama, takardar nan bakina ya jawo ta, kuma ban san komai ba na yi magana."

Ba ta farke aljihun Auta ba. Bencin ma yana nan, sai dai hirar ta ragu. Wata rana wata cikin matan ta hango baƙin zaren ta kwashe da dariya: "Ke da kanki? Ɗinkin wa ke nan a jikin 'yarki?"

Almakashi ba ta ɗago daga keke ba. Ta ce, "Na matar da ta fi ni iya gyara."