Kofaton Maigidana

Maigidana mahauci ne ɗan mahauci, kuma tun da aka kai ni gidansa ban taɓa jin ya ƙwallafa rai a kan wani abu ba in ba nama mai kyau da barcin bayan azahar ba. Sai keke ya shigo mana gida.

A Fatakwal muke lokacin, a wani layi bayan kasuwar Mile One, inda Hausawa suka sake taruwa bayan yaƙin basasa. Kuɗin mai ya fara ja da baya, amma Turawan kamfani suna nan a unguwanninsu masu shinge, kuma maigidana ne ke kai wa kukun ɗaya daga cikinsu nama. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya rabar da kayansa. Wani ya samu firji, wani ya samu fanka. Ni ina ta addu'ar firji, sai ga mutumina ya shigo da keke a kafaɗa, siriri, ba wurin ɗaura kaya, ko ƙararrawa babu. Na ce a ina za a sa naman? Ya ce wannan ba na aiki ba ne, na gudu ne. Na ce to wa ke bin ka?

Keken da takalminsa ya zo. Fedarsa ba irin wadda muka sani ba ce, wata 'yar aba ce mai baki. A ƙarƙashin kowane takalmi kuma an ɗaure wata baƙar roba mai tauri. In ka taka feda, robar ta shige bakin ta kama, ƙas, ƙafarka ta manne. In za ka sauka sai ka murɗa dunduniya waje ta saki. Ya gaya mini sunan robar da Turanci, na kasa riƙewa, na sa mata kofato, don in ya taka simintin tsakar gida da ita sai ka rantse saniya ce ta shigo. Ya yi fushi kwana biyu, daga baya shi ma kofato yake cewa.

Baturen ya yi masa gargaɗi. Ya ce hawa ba ya cin robar nan sosai, tafiya a ƙasa ce ke cinye ta. Wanda zai hau a ƙofar gida ya sauka a ƙofar gida, za ta daɗe masa. Amma in leɓenta na gaba ya siɗe, ƙafa za ta riƙa fita daga feda ba shiri, kuma shi ba shi da ta canji da zai bar masa.

Baturen bai san layinmu ba. A bakin layin akwai rumfar kwano gefen masallaci, nan Liman ke zama da dillalan shanu, dattawan da suka fara dawowa lokacin da kowa ke tsoron dawowa. Su suka riƙe wa maigidana teburin ubansa a kasuwa har ya girma. Ba a wuce su a kan keke, ko mahaukaci ya san wannan. Sai maigidana ya murɗa dunduniya, ya sauka, ya turo keken ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa, ya durƙusa. An kwana lafiya, ya gida, ya yara, ya ruwan jiya, ya kasuwa, kowane dattijo da nasa kason. In ya wuce su akwai ƙofar Sarkin Fawa. In ya wuce nan akwai teburin mai shayi, inda ba a rasa wani kawu. Kafin ya kai titi ya yi tafiyar da Baturen bai yi a shekara ba. Ga shi da dogon wando a kan gajeren nan nasu mai kama jiki, don ya ce ko yanka shi za a yi ba zai wuce gaban Liman da cinya a waje ba.

Ran Lahadi yake fita da wasu masu irin kekensa, Inyamurai da mutanen gari da Turawa biyu. Aboki suke ce masa, kamar yadda suke ce wa kowannenmu. Yakan dawo jiƙe sharkaf, ya zauna bakin ƙofa yana ba ni labarin wanda ya wuce da wanda ya wuce shi. Ni ko a jikina, amma na lura da fuskarsa. Mutumin da ke dawowa daga mayanka shiru kamar an aiko shi da mugun labari, yanzu shi ne ke dariya har yara na leƙowa. Na daina maganar firji.

Sai 'yan ƙungiyarsu suka sa ranar tafiya Inugu a kan keke, a fita da asuba a isa da yamma. Inugu garinmu ne, a unguwar Uwani aka haife ni, kuma Babana na can, dillalin shanu, mutum mai ƙarancin magana. Da labarin keken ya kai masa, abin da ya ce kawai shi ne, “Keke? Da girmansa?” Ƙanena ya kawo mana maganar yadda take, bai rage komai ba. Tun ranar maigidana ya ƙudura sai ya tsaya a ƙofar Baba a kan keken nan. Bai faɗa ba, amma ni na sani.

Matsalar ita ce kofato. Na dama da sauƙi. Na hagu kuwa, da yake ita ce ƙafar da yake fara saukewa, ya siɗe kamar ƙarshen sabulu. Kullum da yamma sai ya kifa takalman a cinya yana shafa leɓen robar da babban yatsa, yana tsaki.

Na saya masa silifa, na ce ya sa ya fita layi da su, in ya kai titi ya canja. Ya gwada. Rigarsu tana da aljihu a baya, ya cusa su ciki, ɗaya ta faɗi a hanyar Aba bai sani ba. Na sayi wasu, abokansa suka yi ta yi masa dariya wai ya taho da kayan shago. Ya dawo ya ce silifa na rage masa gudu. Gaskiyar magana dai, yana son ƙarar nan. Duk layin babu mai takalmin da ke shelar zuwansa sai shi.

Ya aika Anaca neman sabon kofato, tunda an ce babu abin da babu a kasuwarta. Wani direban babbar mota ɗan layinmu ya ɗauki takalmin dama ya tafi da shi, ya sauka a tashar Upper Iweka ya shiga gari yana nuna wa mutane. Ya dawo mana da ƙusoshin takalmin ƙwallo, da saƙon wani ɗan kasuwa cewa kaya na kan ruwa. Har muka bar Fatakwal kayan nan na kan ruwa. Wani mai gyaran takalmi ya yanka masa irin robar da tsohuwar taya, ta shiga feda ta ƙi kamawa.

Da na ga ranar na matsowa sai na sa mayafi na tafi wurin matar Liman. Na ce, “Inna, gaisuwa ce ke cinye masa takalmi.” Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta isar. Washegari da ya sauka a rumfa, Liman ya ɗaga masa hannu a gaban kowa.

“Yaro, an gaya mana. Daga yau ka wuce abinka a kan kekenka, ɗaga hannu ya isa. Mun yafe.”

Ya shigo gida idonsa ja. “Ke! Ƙarata kika kai? Yanzu duk rumfa sun san ina ƙyashin roba a kan gaishe su?”

Na ce, “Ni sauƙi na nema maka.”

To ji sauƙin. Wucewa a kan keke, ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Sauka kuma bayan Liman ya ce kada ya sauka, ya zama ƙin jin magana. Sai ya daina bin bakin layi da keken gaba ɗaya. Ya koma bin lungun bayan kasuwa, inda keke ba ya hawuwa, duk fasassun bulo da bakin kwata, keken a kafaɗa, shi a kan kofato. Lungun ya ninka hanyar rumfa tsawo. A 'yan makonnin nan ya cinye abin da ya rage. Har yau in an tayar da zancen yakan kalle ni, ni kuma har yau ban yarda laifina ba ne. Wa ya ce ya bi lungu?

Ana gobe tafiya na shiga mota da yara muka riga shi zuwa Inugu. Abin da ya faru da safen, matar Liman ce ta ba ni labari daga baya. Abokansa uku suka zo har ƙofar gida ɗaukarsa, don haka ba damar lungu. Da suka iso rumfa, dattawa na ta cewa wuce, wuce, Allah ya kiyaye. Ya sauka. Ya durƙusa ya ce a yi masa addu'a. Liman kuwa ba ya gajeriyar addu'a. Ɗaya daga cikin abokan ya gaji ya ce, “Aboki, make we go now!” Wani dillali ya harare shi, shi ma ya tara hannu.

A Uwani, tun la'asar Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wai iska yake sha. Abokansa biyu suka zo suka zauna. Ni ina soro ina leƙe. Ƙanena ya je bakin babban titi ya dawo da gudu ya ce masu keke sun shigo gari, ya ga jajayen riguna, amma bai ga mijina a cikinsu ba. Baba ya ɓare goro. Na ji haushin keken, na ji haushin Baturen, na ji tausayin mutumin nan har hawaye ya zo mini. Na san in a bayan motar shanu ya iso, ba zai ƙara haɗa ido da Baba ba.

Ashe tun bayan Aba kofaton hagu ya saki. Da ya taka da ƙarfi sai ƙafar ta fice, sau biyu ya kusa faɗawa daji. Abokansa suka jira, suka jira, suka ce ya shiga motar da ke bin su. Ya ƙi. A wata kasuwar shanu ta kan hanya ya tsaya ya haɗa azahar da la'asar, sannan ya kira mai faci ya ce ya yanko tsohon tib na taya ya ɗaure masa takalmin hagu a jikin feda. Mai faci ya ce in ka faɗi fa? Ya ce ɗaure. Ya naɗe shi tam, ya ƙulle.

Rana ta yi ja, ladan na gyaran murya, sai ga shi ya shawo kwanar layinmu a hankali, keken na tangaɗi. Fuskarsa duk gishirin gumi, leɓensa ya bushe. Dogon wandon ma babu, yana cikin motar da ta wuce. Ya ja birki daidai tabarmar Baba, ya murɗa ƙafar dama ya dire ta. Ta hagu tana manne. Ya ja, ya ja, ba ta zo ba. Ga surukinsa zaune, ga baƙi, ga shi tsaye ƙiƙam a kansu da cinya a waje. Na ga ya fara lanƙwasa gwiwar dama, zai durƙusa da keken gaba ɗaya, keken ya karkata zai kwanta da shi.

“Tsaya,” in ji Baba. “Kada ka motsa.”

Ya ajiye goronsa, ya dafa ƙasa ya miƙe, ya zo ya tsuguna a gaban ƙafar. Maigidana ya ce, “Baba, don Allah, Baba, a kira yaro.” Baba bai ko ɗago ba. Ya gwada ƙullin da yatsa ya ƙi, ya zaro 'yar wuƙarsa ta aljihu ya shiga yanka robar zare-zare, yana tallafe da dunduniyar da ɗaya hannun don kada ya yanke shi. Da ya gama ya kwance igiyar takalmin, ya zare shi da kansa. Ƙafar ta kumbura, duk sawun ɗauri. Ya juya takalmin ya duba ƙasansa, babu sauran komai sai kawunan ƙusoshi.

“Daga Fatakwal?” ya ce.

“Daga Fatakwal, Baba.”

Baba ya juyo wajen soro, ya san ina nan. “Ke, kawo wa mijinki ruwan zafi da gishiri. Nan zai zauna, kusa da ni.”