Ham ɗin Hadari a Tsakar Gidanmu

Inna ba ta iya zama haka kawai ba. Da safe za ta wanke surfaffiyar masara, a kai inji, ta baza garin a kan buhuna a tsakar gida, sannan ta shige ɗaki ta duƙufa kan ɗinkin hula. Da zarar ta zura zare a allura ta manta da waje. Hadarin Tudun Wada kuwa ba ya jiran kowa. Kafin ta ji iska ta bugi ƙyaure, ta lallaɓa ta miƙe da ciwon gwiwar da ke damunta, yayyafi ya riga ya sauka. Na sha ganinta tsaye tana kallon garin da ya zama kunu, ba ta cewa komai sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

A daminar da nake ba da labari na dawo hutu daga makarantar kimiyya da fasaha a Kano, inda nake karatun lantarki. Mu mata ba mu da yawa a ajin, a gida ma ba wanda ya fahimci abin da nake koyo. Ranar da ruwa ya sake cinye mata gari, na ce, "Inna, zan haɗa miki abin da zai kira ki in hadari ya taso."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke dai taya ni kwashe wannan tukuna."

A cikin wata matacciyar fitilar sola na ciro idon da ke jin haske. Ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, da zane a fuskarsa kamar sawun tsutsa. In haske ya buge shi yakan bar wuta ta wuce, in duhu ya rufe shi sai ya tare ta. Na je wurin mai gyaran rediyo a kasuwa na sayo dalma da taransista, ɗan abin da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe, ya kuma cire mini maɓallin murɗa ƙara daga wata tsohuwar rediyo. Yayana ya ba ni ham ɗin babur da tsohon batir. Na zauna a zaure na zana yadda wutar za ta bi, na goge, na sake zanawa, har na samu hanyar da raguwar haske za ta sa taransistar ta buɗe wa ham ɗin wuta.

Da na gama liƙa wayoyin, na ɗora tafin hannuna a kan idon. Ham ya tsala ƙara, awaki suka watse. Na janye hannu, ya yi shiru. Na maimaita har sai da Baba ya leƙo.

"Wannan kuma mene ne?"

Na yi masa bayani. Ya ce, "Ruwa dai na Allah ne."

"Na Allah ne, Baba. Wannan ba ya sanin gaibu. Duhu kawai yake ji, kamar yadda kaza ke ji."

Ya yi dariya ya wuce masallaci.

Washegari abin ya ba ni aiki. Zakara ya gifta, ham. Baba ya wuce da babbar riga, ham. Inna ta yi ta fitowa da ɗingishi har ta gaji, rana kuwa tsaka tana ƙwallewa. Na koma kan takarda. Abin da nake so shi ne duhun da ya daɗe, ba inuwa mai wucewa ba. Sai na ƙara kafasita, wadda ke cika da wuta a hankali kamar tulu a ƙarƙashin indararo mai ɗiga. Sai ta cika ham zai yi kuka. Na kuma cusa idon cikin guntun bututun ruwa, na ɗaure a kan doguwar gora, na juya bakinsa gabas, ta inda hadarinmu ke tasowa. Sauran kwanakin hutun a kan turmi na yi su, ina kallon sama ina murɗa maɓalli kaɗan-kaɗan, don ya bar farin gajimare ya wuce, ya kama baƙi. Na sa wa Inna makunni a bakin ƙofarta, ta kashe in ta kwashe shanya, kada ya dame mu da magariba.

Wata Laraba bayan azahar ina wanki, rana na dukan bayana, sai ham ya ɗauka. Na zaci ya sake yin ƙarya. Na hau turmi na leƙa ta kan katanga. Can gabas sama ta yi baƙi ƙirin.

"Inna, fito! Gaskiya ne!"

Ta fito a nutse, muka tattara garin, muka zuba a kwando, muka kakkaɓe buhunan. Har gyaɗar Baba muka shigar. Muna zaune a ɗaki ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Inna ta tura hannu cikin garin, ta damƙo, ta sake shi yana zuba a bushe. Ta daɗe tana yin haka. Sannan ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na sunkuyar da kai, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Ashe maƙwabta ma suna ji ta kan katanga. Kafin hutu ya ƙare, in ham ɗinmu ya yi kuka sai ka ji matan layin suna ƙwala wa juna kira a kwashe shanya. Wata gwaggona da ta zo daga Doguwa ta tsaya ƙarƙashin gorar tana ɗaga kai, ta tambayi inda aka sayo.

Inna ta nuna ni da haɓa. "Ga mai shi nan. Da hannunta ta haɗa, ina kallo."

Gwaggo ta ce lallai sai na bi ta na kafa mata nata, don barkononta ba ya bushewa. Ranar Asabar muka hau mota tare, kayan aikina a cikin jakar leda a kan cinyata.