Muryar da Habuba Ta Kashe

A Gadarif muka girma, hannun kakarmu ta wajen uba da muke kira Habuba, domin Baba direban tarakta ne a wata gonar riɗi da ke Simsim. Da zarar damina ta kankama, laka ta rufe hanya, sai mu yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Bayan magariba takan zaunar da mu bakin murhu, ƙaramin rediyonta na gefe yana 'yan surutansa, ita kuma tana zuba mana tatsuniya.

Wadda ta fi kaɗa min hanji ita ce ta Mai Aron Murya, aljanar da ba ta da harshen kanta. Sai ta ari muryar wani, ta laɓe bayan dangar kara tana kiran sunan mutanen gida. Wata yarinya ta amsa, gari ya waye bakinta na motsi babu sauti. "Kiran da ba ku ga mai shi ba, ko sunan ubanku ya ambata, kar ku tanka," in ji Habuba.

Wani maraice tana tsakiyar wannan labari, waƙar rediyo ta yanke. Wata murya mai kauri, a shaƙe kamar daga cikin tulu, ta ce Adamu, Adamu. Sunan Baba ke nan. Ƙanwata ta ƙanƙame ni, ni kuwa har fitsari na saki. Habuba ta murɗa tasha, muryar ta biyo ta can ma. Ta kashe rediyon, ta kifa masa ƙwarya, ta yi ta tofa mana addu'a.

Da safe mai gonar, wanda katanga ce kawai tsakaninmu, ya yi sallama. Maciji ya sari Baba cikin damin riɗi. Jiya shi ne yake magana da mutanen gona ta lasilki, wato na'urar aika murya nesa da ke gidansa, yana cewa su ɗora Adamu a tarakta. An iso da shi asibitin Gadarif da ransa, yana ta kiran uwarsa har asuba, sannan ya cika. Mai gonar ya ce bai so ya tayar wa tsohuwa hankali ba ne, shi ya sa bai gaya mana da daren ba.

Yau gyaran rediyo nake a kasuwar Gadarif, kuma na san aljanar. Iska ce ta tsinke wayar eriyar mai gonar, aka ɗaura ta a gajarce. Idan eriya ba ta dace da na'ura ba, ƙarfin ba ya fita duka, sai ya dawo baya ya kwarara cikin rediyon maƙwabta. Sanin bai rage min komai ba, domin asibitin nan da ƙafa muke zuwa; da ba a kashe rediyon ba, da mun same shi da ransa.

Habuba ba ta sake yin tatsuniyar ba. Har ta rasu, rediyonta a kunne yake kwana, ko da shuuu kawai yake yi. Na taɓa miƙa hannu zan kashe, ta riƙe ni.

"Bar shi, ɗan nan. Wataƙila wani na kira."