Yadda Baba Iddi Ya Hana Mu Raƙumi

Duk wanda ya taɓa shiga mota da Baba Iddi a cikinku ya san gurminsa ba ya zama a but ɗin baya. Gaba yake zama, kusa da direba, a ɗaura masa bel kamar mutum. Shi kuwa Baba ya koma baya ya ƙudundune cikin kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, yana leƙowa yana cewa, "Bitrus, bi a hankali, dattijo na gaba."

Ni ne Bitrus ɗin, mai ganguna, ɗan Jos mazaunin unguwar Lozells a Birmingham. Shi kuma Baba haifaffen zangon Kumasi ne, ya yi ta tuƙa bas a Birmingham har ya ajiye aiki. Da mu biyu, da Colin mai jitar lantarki da matarsa Moira mai gogen Turawa, muka haɗa ƙungiya muna cakuɗa waƙoƙin zango da kiɗan ƙauyen Ingila. A shekarun dubu biyu da 'yan kai wani ƙaramin kamfani a Manchester ya ce mu zo ya buga mana faifai. Murna a wajena ba a magana. Ban san za mu je ne mu raka Baba rigima ba.

Ranar farko a situdiyo, Mista Graham, mutumin kamfanin, ya miƙa masa abin sawa a kunne. A ciki akwai wani sauti mai tik-tik-tik da kowa zai bi don kada kiɗa ya yi sauri ko ya ja ƙafa. Baba ya saurara, ya cire, ya dube ni.

"Ɗan Jos, wa ke ƙwanƙwasa ƙofa a cikin kunnena?"

"Baba, click ne. Shi za mu bi."

"Ni zan bi shi? Ya taɓa yin wasa a gidan biki? Ka gaya wa Bature, wanda zai ja ni a kiɗa ba a haife shi ba tukuna."

Aka kashe abin. To, kada ku ce gaskiya ce da shi! Waƙar da muka fara a natse kamar tafiyar amarya, kafin ƙarshe ta zama tseren doki. Gumi ya jiƙe ni sharkaf, sanda ɗaya ta kuɓuce min ta daki bango, Moira ta kusa tsinke tsirkiya. Da muka gama, Baba ya gyara hula ya ce, "Kun gani? Ku ne ba ku ci abinci ba." Haka waƙar ta fita. Har yau in na saurare ta hannuna ciwo yake.

Sai batun Turanci. Mista Graham ya zo da lallami, wai rediyo ba za ta sa mu ba in babu ko baiti ɗaya da masu sauraro za su gane. Colin ya goyi bayansa, ni ma, gaskiya, na goya. Mamaki ya kama mu da Baba ya ce ba komai, a kunna na'ura. Muka ɗauki amshi, ya matso bakin makirfo, ya rufe ido, ya ja murya mai daɗin nan tasa ya rera, "No, no, no, no," daga farkon baitin har ƙarshensa. Ya buɗe ido ya ce, "Ga Turanci nan. Akwai wanda bai gane ba?"

Colin ya faɗi ƙasa don dariya. Mista Graham bai yi dariya ba.

Babbar rigimar kuwa a kan hoton bangon faifai aka yi ta. Kamfani ya kawo zane: rairayi, rana tana faɗuwa, ga raƙumi, ga wani mai rawani a kai. Baba ya juya takardar sama da ƙasa.

"Wannan wane ne?"

Na ce, "Kai ne, Baba. Wai don a san daga inda kiɗan ya fito."

"Ni? Ni da raƙumi sau ɗaya muka haɗu, a gidan zu, da na kai jikokina. Shi ma bai gaishe ni ba. Kiɗan nan a gidan hayar gwamnati aka haife shi, a unguwar Sparkbrook, maƙwabta suna buga bango!"

Mista Graham ya ce in babu raƙumi, to kamfani zai sake tunani a kan faifan gaba ɗaya. Ni kuwa na riga na cika baki a coci, har fasto ya sanar. Na ja Baba gefe na ce, "Don Allah Baba, raƙumi ne kawai." Ya ce, "Yau raƙumi, gobe su ce in cire takalmi in riƙe mashi. Ɗauko makullin mota." Ya saɓa gurminsa ya fice, muka bi shi zugui-zugui har Birmingham.

Kamfanin ne ya fara kira, ya ce an fasa raƙumi. Hoton da kuka sani shi aka ɗauka: mu huɗu a tashar bas ta Stratford Road, ana yayyafi, Baba ya ɗaure fuska kamar bas ɗin ya makara.

Abin da ba mu sani ba lokacin, likita ya riga ya hana shi waƙa saboda ƙirjinsa. Hajiya, matarsa, ce ta gaya min daga baya. Wai ya ce wa likitan, "Kai ka yi aikinka, ni ma in yi nawa." Da muka koma Manchester ɗaukar waƙar ƙarshe, wadda ya yi wa mahaifiyarsa, tari ya sarƙe shi a tsakiyar baiti. Ya tsaya, ya numfasa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mista Graham ya ce cikin tausasawa a sake ɗauka, ko kuma ya goge tarin, ba wanda zai sani.

Baba ya ce, "Kada ka taɓa. Tarin nawa ne. Shi ma ya biyo mu tun daga Birmingham, a bar shi ya shiga faifai."

Muka yi dariya, har da Mista Graham wannan karon. Ashe sake ɗaukar ce ba zai iya ba, kuma ya fi son mu yi dariya da mu gane.

Faifan ya fito da bazara. Baba ya riƙe shi a hannu a gadon asibiti, ya ce hoton ya sa masa tumbi. Kafin sanyi ya shigo muka kai shi makwanci. Rediyo ba ta sa mu sosai ba, amma tarin yana nan a waƙar ƙarshe, kuma duk lokacin da na zo wurin sai in ga na tsaya ina jira ya numfasa.

Allah ya jiƙan Baba Iddi, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Ya ba Hajiya da yara haƙuri, mu ma ya ba mu. Amin.