Kwamfutar Auta

Injiniya ake ce masa a layin masu gyara, ko da yake bai taɓa leƙa ƙofar jami'a ba. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin, da zamani ya juya ya bi shi zuwa kwamfuta. Shagonsa ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya, fitila mai wuya, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Hannunsa na da kyau, wannan kowa ya shaida. Aibinsa ɗaya, kayan gidansa ne ƙarshen layi.

Da 'yarsa Auta ta shiga makarantar koyon jinya, ya haɗa mata wata kwamfuta mai araha. Kafin ta buɗe, sai ka dafa shayi ka shanye.

"Baba, wannan abar taka fa ta fara ƙara, ƙas-ƙas kamar ɓera a kwali," in ji Auta.

"Faifan ajiyarta ne ya gaji. Zan sa miki sabo, in ƙara mata ram, abin da ke sa ta sauri. Bari in sallami mutane, gobe."

Goben nan ta yi ta zuwa tana wucewa, har zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke Auta.

Bayan an watse daga zaman makoki, matarsa ta ajiye masa kwamfutar a gabansa. Ta ce duk hotuna da bidiyon da Auta ta ɗauka a waya cikin kwamfutar take juye su, wayar kuma ta ɓata a asibiti.

"Muryarta kawai nake so in ji, Baban Auta. Ko dariyarta ce."

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya kwance bayan kwamfutar, ya soka sabon ram, ya jona sabon faifai, ya fara kwashe kayan tsohon. Faifan da ke gargara ba ya ba ka lokaci, ya fi kowa sanin haka. Amma hannu ya riga ya saba: masu kawo gyara kullum takardun aiki suke kuka a kai, hotuna a bari sai ƙarshe. Bai ko yi tunani ba, ya fara da takardu.

Suna gama wucewa, faifan ya yi ƙas sau biyu, ya yi shiru. Ya sanyaya shi, ya sake jonawa, ya kai wa wanda ya fi shi kayan aiki. Babu, hotuna da bidiyon sun tafi. Ya zauna a bakin shago har inuwa ta juya.

Da ya koma gida, matarsa na tsaye a ƙofar ɗaki. Ya miƙa mata kwamfutar, ta danna, ta buɗe kafin ƙiftawar ido.

"Kai, ta yi sauri yanzu," ta ce. "Ina zan taɓa in ji ta?"