Ashanar Da Ta Kusa Rufe Shagon Aski

Duk unguwar babu mai kiran mai askin nan da sunansa na yanka. Mai Lofe ake ce masa, har jikokinsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran takalma da kantin kayan masarufi. A ciki akwai kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da madubin da ya dafe ta gefe, da benci, da fatar wasa aska rataye a ƙusa. Samari sun koma shagunan da ke da injin aski da talabijin. Dattawa ne suka rage masa, masu son a jiƙa musu gemu da ruwan ɗumi, a shafa sabulu, a bi da aska har ƙasan maƙogwaro suna lumshe ido. Ba kowa mutum ke miƙa wa wuyansa haka ba, kuma Mai Lofe ya san da wannan.

Lofen, wato tukunyar shan tabarsa, na katako ne, ya yi baƙi saboda shekaru. Sau biyu yake shansa, da safe kafin ya buɗe shago, da yamma bayan ya share gashi. Taba dai ba abin yabo ba ce, shi ma bai taɓa cewa ita ce ba. Matarsa ta yi faɗan har ta gaji, likita ya yi nasa, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da ya fi lofen suna ma shi ne taurin kansa a kan ashana.

Surukinsa, mijin 'yar autarsa, ya taɓa kawo masa laita mai kyau a matsayin tsaraba.

"Baba, ka huta da ashana," in ji shi. "Wannan ɗaya sai ta kai ka wata da watanni. Kowane tebur ana sayar da irinta. Ashana kuwa kullum kuɗinta hawa yake, mai kyau ma sai an sha yawo."

Mai Lofe ya juya ta gaba da baya kamar an ba shi kwaɗo.

"Allah ya yi albarka, ɗana. Amma wannan ta 'yan sigari ce. Harshenta sama yake kallo, lofe kuwa ƙasa ake kai masa wuta. Ka karkata ta, ta lashe maka babban yatsa, ta babbake bakin lofen, ga warin gas a zuƙar farko. Ashana fa? Ka ƙyasta, ka ɗan jira kanta ya cinye, warin ya wuce, sannan ka zagaya da ita a kan tabar a hankali. Ita ta san ladabi."

Suruki ya yi dariya ya bar zancen, laitar kuma ta koma ɗakin girki.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma akwai wanda bai faɗa ba. Maigidan da ya koya masa aski ya tsufa a kan sana'a, hannu ya fara rawa, ya ƙi yarda. Wata rana ya tsaga wa wani bawan Allah wuya a ƙasan kunne, jini ya wanke farar riga. Mutumin ya warke, amma tsohon bai sake ɗaga kai a layin ba har ya bar duniya. Tun daga ranar Mai Lofe ya yi wa kansa alkawari: duk ranar da hannunsa ya fara cin amanarsa, zai ninke aska ya ajiye da kansa, ba sai jinin wani ya gaya masa ba. Ashanar safe ita ce alƙalinsa. In ta kama a ƙyastawar farko, harshen wutar ya tsaya cak a kan lofen ba ya karkarwa, to hannu na nan, a buɗe shago. Laita kuwa ko mai zazzaɓi ya danna ta za ta kama, ba ta da labarin da za ta ba shi.

Ashanar tasa a wani ɗan gwangwani mai faɗi take zama, saboda hannun mai aski kullum a jiƙe yake, kwali ba ya jimawa a aljihunsa. Matarsa ce ke cika masa shi tun suna da ƙuruciya. In ta sayo ta gida sai ta zuba masa tsinkaye, ta yanko gefen kwalin da ake ƙyastawa ta liƙa a cikin murfin. Tana yi tana mita, amma ba ta taɓa barin gwangwanin ya bushe ba.

Wata safiya ya zauna a bencin ƙofar shago, ya danna taba, ya ƙyasta. Tsinken ya karye. Ya ce tsautsayi ne. Na biyu kansa ya fizge ya yi tsalle ya faɗa masa a cinya, ya huda wando. Na uku ya kama, amma kafin ya kai shi bakin lofen ya mutu. Gabansa ya faɗi. Ya miƙa hannun dama ya zuba masa ido, sai ya ga kamar yatsun suna motsi. Wa zai zuba wa hannunsa ido da irin wannan fargaba bai gan shi yana motsi ba?

Washegari haka, jibi ma haka. Ƙasan bencin ya cika da karyayyun tsinkaye, yana tattarewa da sauri kada mai gyaran takalma ya gani. Ya ci gaba da rage suma da almakashi, amma aska ya bar ta a ninke. Duk wanda ya zo gyaran gemu sai ya ce masa bakinta ya dakushe, sai an kai ta wurin maƙeri.

Wanda ya fi ba shi wahala tsohon direban bas ne, abokinsa, wanda tun yana da baƙin gemu bai taɓa zama a kujerar wani ba. Ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma. A zuwa na gaba ya tsaya a bakin ƙofa, fuska duk furfura ta yi tsiri-tsiri.

"Kai Mai Lofe, wane irin maƙeri ne wannan? Ko sabuwar aska yake haƙo maka daga ƙasa? Jikata ta ce na koma bushiya, ta daina yarda in ɗauke ta."

"Ka ƙara haƙuri, Direba. Ko ka leƙa wurin yaran can na bakin titi."

Direba ya dube shi sama da ƙasa. "Ni? Wurin masu aski suna kallon ƙwallo? Lafiyarka kuwa?"

Ganin ba aski, Direba ya juya. Bayan ya tafi, Mai Lofe ya zauna a kujerar masu aski, inda bai saba zama ba, ya dubi kansa a madubi. Tsoro yake ji, tsoro sosai, ba na yunwa ba, don 'ya'ya ba za su bar shi ya rasa abinci ba. Abin da ke cin ransa shi ne bai san me zai yi da safiya ba in babu shagon, kuma bai san wane ne shi ba in ba mai aski ba. Amma alkawari alkawari ne.

Da gari ya waye bai fita ba. Ya nufi ɗakin girki, wurin da rabonsa da shiga har ya manta, ya tsaya a bakin ƙofa. Matar tana ɗauraye tukunya.

"Tsohuwa, akwai magana. Zan mayar wa mai ginin mabuɗin shago. Hannuna ya tafi."

Ta juyo da tukunyar a hannu. "Ya tafi ina?"

"Ba wasa nake ba. Ashana ma ta gagare ni. Kullum sai na karya rabin gwangwani kafin lofe ya kama. Wanda ya kasa riƙe tsinke ba zai ɗora aska a wuyan mutane ba."

Ta ajiye tukunyar a hankali. Sai ta kama haɓa, ta yi salati, sannan dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Abin dariya ne?"

"Malam, ka yafe ni, wallahi ba kai nake wa ba. Wannan ashanar ai ko ɗan dambe ba zai kunna ta ba! Ni da kaina na karya kwali guda a kan murhun nan, shi ya sa na koma laitar da ka raina."

"Wace ashana?"

"Wadda nake zuba maka mana. Irin taka ta ɓace. Mai kanti ya ce ya daina sarowa, kowa laita yake saya, ita sai ta shekara a kan kanta tana shan danshi. Na je har babbar kasuwa, na same ta wurin mutum ɗaya, ya faɗi kuɗin da ya isa a sayi laita har da canji. Na ce a kan taba? Allah ya kiyaye. Na sayo wata mai araha. Kanta ja, tsinke fari, kamar irin taka, na ce ba za ka gane ba."

"Ai kuwa ban gane ba," ya faɗa da ƙaramar murya.

Ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta taka, ta laluba saman kabad, ta sauko da wani tsohon kwali da ta ɓoye saboda ranar da za a ɗauke wuta. 'Yan tsinkaye ne suka rage a ciki. Ta miƙa masa.

Ya zaro ɗaya. Da ya ji kaurinsa a yatsa ya san da bambanci, har ya ji haushin kansa. Ya ƙyasta. Ta kama nan take. Ya ɗaga ta a tsakaninsu, harshen wutar ya miƙe ya tsaya, bai karkata ko'ina ba, har ya kusa cin yatsansa sannan ya hure. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya zauna a kan buhun gawayi da fararen kayansa. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne.

"Kin kusa rufe min shago saboda arahar ashana," in ji shi.

"Kai kuma ka kusa rufe shi saboda zurfin ciki. Da ka buɗe baki tun ranar farko fa?"

Ya juya kwalin a hannunsa. Can ya ce, "Amma ranar tana nan tafe, Tsohuwa. Yau ba ita ba ce, amma za ta zo. In ashanar kirki ta ƙare a duniya, da me zan gane?"

Ta ɗora tukunya a wuta, ta ba shi baya.

"Kana tsammani kai kaɗai ke awo? Me ya sa kullum nake cika maka kofin shayi har baki, kana faɗa wai ban iya zubawa ba? Ina kallonka kana ɗauka daga faranti har bakinka. Ko ɗigo bai taɓa zuba ba. Ranar da ya zuba, ni zan fara gaya maka, kuma ni zan raka ka mayar da mabuɗin."

Mai Lofe ya daɗe yana kallon bayanta. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gawayin da ya ɓata masa riga.

"To zuba min shayin," ya ce. "Ki cika shi."